Bazarar da Ƙuda Ya Haihu a Idon Baba

Shekaranjiya da azahar, ina dawowa daga jami'a, na bi ta bayan layinmu a unguwar Sersouf inda maƙwabcinmu yake ɗaure ragunan da zai sayar da layya. Rana ta take, iska ta tsaya cak, ko ledar da ta maƙale a jikin waya ba ta motsi. Sai na ga ragunan sun dunƙule wuri guda, kowanne ya cusa hancinsa ƙarƙashin cikin ɗan'uwansa, wasu sun kafa baki a ƙasa suna buga ƙafa. Mai wucewa zai ce inuwa suke nema. Ni kuwa ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba, na ƙara sauri. Sai da na shiga gida na zauna, sannan na gane jikina ya riga ni tuna wata bazara a Tahifet.

Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin. Baba yana da ɗan butik a kasuwa, inda yake sayar da kayan gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, tabarmi, duk abin da ɗan Damagaram zai yi marmari a nan Tamanrasset. A shekarar hanyar kudu ta rufu, kamiyo, babbar motar kaya, ya daina zuwa. Na ga kantocin butik suna yin fili ɗaya bayan ɗaya, har Baba ya koma jera buhunan wofi don kada wurin ya yi kama da kango. A gida miya ta tsinke. Inna, mahaifiyata, ta haihu a tsakiyar wannan hali, tana jego ba nama. Abin da ya rage wa Baba shi ne 'yan raguna da ya saya tun suna ƙanana, da niyyar ya kiwata su zuwa layya. Su ma suna ramewa, don ciyawa ta yi wuya a gari, har kwali suke ci.

Wani mai lambu, Buzu, sunansa Ilyas, wanda yakan sayi yaji a wurin Baba, shi ya ce a kai ragunan Tahifet, ƙauyensu da ke cikin duwatsu. Akwai ganyen lambu da za su ci, Baba kuma ya taimake shi aikin rijiya, don ruwa ya gudu ƙasa. Inna ba ta iya tafiya da ɗanyen jego. An yi hutun lekkol, wato makaranta. Ni ce babba, don haka ni aka ɗora a bayan mota tare da raguna da tukunya, in riƙa yi wa Baba girki.

A nan ne wahalar take, ba a girkin ba. Ni 'yar fari ce, Baba kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In yana son abu a wurina, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na san ƙafafunsa sarai, na san fason da ke dunduniyarsa ta hagu da yadda takalminsa ke cinyewa ta gefe guda, amma fuskarsa sai dai a hoto. Ko a hoton, abin da na sani shi ne abin da kowa ya sani: ido ɗaya gare shi. Na hagun ƙyanda ta tafi da shi tun yana yaro, ya yi fari fat. Da na daman yake auna kaya, da shi yake karatun Alƙur'ani, da shi yake ciyar da mu.

Ban taɓa ganin ƙasa irin ta Tahifet ba. A gari duwatsun suna can nesa, shuɗaye, kamar an zana su. A can kuwa suna bisa kanka, baƙaƙe da jajaye, wasu a tsaye kamar an sassaƙa su, wasu an ɗora ƙato a kan ƙarami har ka ji tsoron wucewa ta ƙarƙashi. A tsakaninsu ga busasshiyar ƙorama, faffaɗa, yashi zalla, ita ce kuma hanyar mota. Lambuna suna bin gefenta kamar zare: ɓaure, inabi, rumman, tumatir, albasa. Amma a bazarar nan rabinsu sun ƙone. An yi shekaru ba a ga ruwan kirki ba. Ganyen ɓaure yana faɗuwa tun yana kore, in ka taka shi sai ya yi ƙara kamar takarda.

An ba mu ɗaki biyu na laka a gefen lambun. Kwanakinmu duk iri ɗaya ne. Da asuba akwai sanyi mai daɗi, har sai na yafa bargo. Baba da Ilyas su sauka rijiya tun rana ba ta leƙo ba, ɗaya yana haƙa a ƙasa, ɗaya yana jawo guga cike da tsakuwa. In an tara ɗan ruwa sai a ta da injin ban ruwa, ya yi tari, ya zubo ruwa ja a cikin 'yar hanyar da ke bi ta kwamin tumatir, kafin ya kai kwami na ƙarshe ya ƙafe. Gobe a fara daga na ƙarshen. Ni in yanko ganyen albasa da ciyawar da ta fito a bakin kwami in kai wa raguna, in tsinto ɓauren da ya faɗi, in ɗora tukunya. Abincinmu gurasa ce da suke kira tagela, wadda ake binne ƙullunta cikin yashi mai zafi da toka, a karkaɗe ta, a gutsura cikin ruwan tumatir. Sai shayi. Sai ɗan cuku in akuya ta yi kirki. Yunwa ba ta kayar da mu ba, amma kullum tana zaune a gefe. In rana ta take, dutse kansa yakan yi wari, irin warin tukunyar da aka manta a wuta, kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar an zare masa ƙashi. A lokacin nake karatu, ina maimaita littattafan lekkol ɗin da na taho da su har na kusa haddace su.

Wadda ta koya mini tagela ita ce mahaifiyar Ilyas, Inna Fadimata. 'Yar Abzin ce, aure ya kawo ta tun tana budurwa, Hausarta ta Agadas tana nan daram. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani sai dishi-dishi, hannunta yana rawa har shayi ya zuba, amma kunnenta ba abin da yake wuce shi. Ita ta fara lura da yadda muke zama ni da Baba. Tun da ba Innata a tsakaninmu, Baba ya koma yi wa bango magana.

"A ce wa mai girki gishiri ya ji," in ji shi wata rana, yana kallon bango.

Inna Fadimata ta juya ta dubi bangon, ta jira, ta ce, "Malam Habu, bangon nan kurma ne. Na daɗe da shi, bai taɓa isar da saƙo ba."

"Inna, al'ada ce."

"Mu ma muna da kunya, amma ta surukai. Kai ka haifi abarka, kuma kana gudunta kamar ita ta ba ka mata? Rabi, kin ji wai gishiri ya ji."

"Na ji, Inna," na ce, ina kallon ƙasa, dariya tana neman kufce mini.

Ana cikin haka hadari ya fara taruwa a kan manyan duwatsun arewa. Kullum da yamma zai haɗu, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, mu fito mu zuba masa ido, sannan ya watse. Zafi ya ƙaru, ya zama mai nauyi. Ranar da abin ya faru, Ilyas ya loda tumatir tun da safe ya tafi gari, zai sayo man inji ya dawo da yamma. Motarsa ce kaɗai a wannan gefen ƙauyen.

Da rana ta take, ina zaune a bakin ɗaki da littafi, na ga ragunanmu sun dunƙule, kawuna a ƙasa, suna buga ƙafa. Mutanen dutse sun san wannan tsayuwar. In sun gan ta sukan bar dabba ta yi abinta, namiji ya ja rawani har gindin ido, mace ta ja mayafi, a kauce. Baba ɗan kasuwa ne, ba makiyayi ba. Shi a ganinsa ƙishirwa ce ta kama su, ko wani ciwo. Tausayi ya ta da shi daga inuwa. Ya sassauta rawaninsa saboda zafi, ya shiga tsakaninsu yana rarraba su, ya kama ƙahon babban ya ɗaga kansa sama don ya duba hancinsa. Ina kallon bayansa. Sai na ga ya zabura, ya saki ragon, ya dafe fuska.

"Subhanallahi," ya ce. "Wani abu ya buge ni."

Ya ɗauka tsakuwa ce. Ya wanke da ruwan buta, ya murza, ya sake wankewa. Ya koma ɗaki ya zauna. Ni ina waje ina jin numfashinsa, ban iya tambaya ba. Da lokacin sallah ya yi, na ga ya fito yana laluben bango, ya wuce butar tana gabansa bai gan ta ba. Na ruga gidan Inna Fadimata.

Ta zo tana dogara sanda, ta zauna gabansa, ta yi masa tambaya uku ko huɗu. Yana wurin raguna? E. Ya ji kamar an harbe shi da ɗan tsinke? E. Yanzu fa?

Baba ya ce a hankali, "Inna, kamar abu yana tafiya a ciki."

"Tamne ne," in ji ta.

Ta ce wani ƙuda ne mai ruwan toka, bai kai ƙudan zuma ba. Ba ya cizo, ba ya sauka a kan abinci, bai ma damu da ci ba. Macen ba ta yin ƙwai kamar sauran ƙudaje. 'Ya'yanta a cikinta suke ƙyanƙyashewa, ta yi ta yawo da su a raye tana neman hancin tunkiya. In ta samu ba ta sauka, a guje take wucewa ta fesa su ciki. Shi ya sa tumaki suke ɓoye hanci. In mutum ya tsaya cikinsu yana warinsu, takan yi kuskure.

Tana faɗar haka na tuna abin da nakan gani kowace layya in Innata ta fasa kan rago za ta yi farfesu: manyan tsutsotsi masu kauri kamar ɗan yatsa, kwance a kogon hanci. Na dubi ƙafafun Baba. Yau na san ba sa girma haka a jikin mutum, ba gidansu ba ne. A ranar ban sani ba. Kuma ko da na sani, ido ɗaya ne, suna ta kartar sa, shi kuma yana ta murzawa da hannun da ya kama rago.

"A jira Ilyas," in ji Baba. "Ya kai ni wurin likita."

"Shi ne daidai," ta ce. "Allah Ya kawo shi."

Ba ta rufe baki ba ta ɗaga kai, ta karkata kunne wajen arewa. Ni ban ji kome ba. Can sai na ji wani ruri mai zurfi, kamar kamiyo da yawa suna tahowa tare, ga shi kuwa sama a kanmu tas take, ko ɗigo bai sauka ba. Mutane suka fara kururuwa daga lambu zuwa lambu, ana kora awaki sama, maza suna ciccibo injuna daga bakin rijiyoyi. Na hau kan katanga. Abin da na gani har gobe ban sami kalmarsa ba. Ƙoramar da muke takawa kullum, wadda yashinta ke ƙona ƙafa, ga wani abu ja yana tahowa a cikinta, gabansa kumfa da itatuwa da duwatsu suna birgima, yana tafe ba gaggawa kamar ya san ba mai tare shi. Ruwan da aka yi a can kan duwatsu ne ya iso. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin katangar. Mata suna guɗa, wasu suna kuka, don ruwan da aka yi shekaru ana roƙo ne, kuma yana cinye lambunan da ke ƙasa-ƙasa a gaban idonsu. Kafin in sauko, hanyar mota ta zama kogi.

Na dawo na tarar da su yadda na bar su. Idon Baba ya kumbura ya rufe, hawaye yana bin gemunsa.

"Ilyas ba zai zo yau ba," in ji Inna Fadimata. "Gobe ma sai Allah."

Wani maƙwabci da ya leƙo ya ce a jiƙa taba a ɗiga, haka suke yi, tana kashe su nan take. Inna Fadimata ta girgiza kai.

"Mai ido biyu ake ɗiga wa taba. Wannan ba shi da na canji. Da hannu za a cire su, ɗaya-ɗaya. Na yi wa mijina, na yi wa 'ya'yana. Amma yanzu ko raƙumi ne a idon ba zan gan shi ba." Ta juyo inda nake. "Rabi, ke da kike karanta rubutun nan ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Wanko hannunki."

"A'a," in ji Baba da sauri. "Ba yarinyar nan ba."

"To wa? Hannun wannan?" Ta nuna maƙwabcin, wanda yatsunsa suka yi kanta da haƙar rijiya. "Ko ragon zan kira, tun da shi ya jawo? Malam Habu, kunya ce, na sani, abu ne mai kyau. Ka ajiye ta nan gefe, ba mai ɗauka. In an gama ka ɗauki abarka."

Sai Baba ya zame a hankali ya kwanta rigingine a kan tabarma.

Ta sa na tafasa ruwa a butar shayi da ɗan gishiri, na bar shi ya huce. Ta sa na yago gefen sabon farin ƙyalle, na tafasa shi ma, na murɗa bakinsa ya yi tsini. Aka kawo man zaitun a cokali da tsinken ashana. Muka fito da shi waje da tabarmar, don a lokacin hadari ya rufe rabin sama, sai ta yamma kawai rana take shigowa ta ƙarƙashinsa, wani haske rawaya mai kaifi wanda ke nuna kowace ƙwayar yashi. Inna Fadimata ta ce in yi sauri, hasken nan aro ne.

Na durƙusa a wajen kansa. Ta dafe masa goshi. Na sa yatsu biyu na buɗe fatar idon, na duba.

Ban taɓa sanin haka idon mahaifina yake ba. Farin ya yi ja wur, amma tsakiyar ruwan ƙasa ne mai haske, da zare-zare a ciki kamar bangon rijiya in rana ta faɗa mata, da wani zobe mai ruwan toka a kewaye. A can cikin baƙin na ga wata 'yar yarinya da mayafi, da duwatsu a bayanta. Sai wani abu ya gitta ta kan yarinyar. Ɗan ƙanƙani ne, bai kai tsinin ƙwayar shinkafa ba, fari kamar ruwa, da ɗigon baƙi a gaba. Yana tafiya da sauri, yana miƙewa yana tattarewa. Da haske ya taɓa shi sai ya juya ya nufi ƙarƙashin fata. Wani ya biyo shi. Na ɗauka zan ji ƙyama, ko in yi kuka. Abin da na ji daban ne. Tsigar jikina ta tashi, irin yadda ta tashi a kan katanga. Ga rai, cikakke, da kai da niyya da tsoron haske, a wurin da bai kai faɗin farce ba. Uwarsu ta ratso wannan ƙasa da dutse ke wari don zafi, tana ɗauke da su, tana nema musu wuri mai danshi, kamar yadda mu ma muke ta haƙa tun da muka zo. A duk faɗin kwarin nan, abin da ta samu shi ne idon Baba.

"Kin gan su?" in ji Inna Fadimata.

"Na gan su."

"Ɗiga mai. Yana sa su kasala."

Na ɗiga. Baba ya ja numfashi ta haƙori, bai motsa ba. Na kai tsinin ƙyallen, na taɓa na farko, ya ƙi tasowa. Yana riƙe da naman ido. Shekaru bayan haka, a jami'a, na ga irinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na ga ƙugiyoyi biyu baƙaƙe a bakinsa kamar ƙahon rago, da layukan ƙaya a jikinsa, na gane abin da ya sa ruwan buta bai fitar da su ba. A asibiti yanzu akwai maganin da ake ɗigawa ido ya mutu na ɗan lokaci, da fitila, da ɗan hantsaki mai bakin allura, aikin ba ya daɗewa. Ni ƙyalle gare ni. Na gano in na bi shi ta baya na murza ƙyallen kaɗan, sai ya saki. Na ɗaga shi cikin haske. Yana kan zaren yana ɗaga kai, yana lalube.

Sauran sun gudu sama. Inna Fadimata ta ce sai an juya fatar a kan tsinken ashana, kuma sai ya dubi ƙasa.

"Inna," na ce, "a ce ya dubi ƙasa."

"Ga shi nan a hannunki. Kunnensa lafiya lau."

Tsawa ta yi a kan dutse.

"Baba," na ce, "dubi ƙasa."

Ya dubi ƙasa.

"Dubi dama. Tsaya haka. Kada ka ƙifta."

Duk abin da na ce sai ya yi, kamar yaro a gaban wanzami. Na juya fatar, na same su a jere a cikin lungu, sun lafe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina goge kowanne a bakin faranti, ina canza tsini. Ƙarar ruwan ƙorama ta cika kwarin, amma ni numfashin Baba kawai nake ji a bayan hannuna. Hasken ya fara ja, ya koma toka. Na leƙa lungun ciki da na waje ban ƙara ganin motsi ba. Na wanke idon da ruwan gishiri. Ɗigon farko na ruwan sama ya faɗo a kan goshinsa, babba, mai ɗumi, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi gaba ɗaya har ya sa ni tari.

Da safe na sake dubawa, na sami wasu biyu da suka ɓuya, na cire. Amma idon bai buɗe ba. Ya kumbura kamar ƙwai, kwantsa ta liƙe gashin. Da na wanke na buɗe masa, ya ce haske kawai yake gani, kamar ta bayan ƙyalle. Inna Fadimata ta ce a ɗaure a bar shi ya huta. Ban tambaye ta ko zai warke ba, ita ma ba ta ce ba.

Kwanakin da suka biyo baya Baba makaho ne. Ni nake riƙe bakin sandarsa in kai shi bayan gida, in zuba masa ruwan alwala, in juya shi ya fuskanci gabas. In na ajiye abinci sai in kama hannunsa in ɗora a bakin kwano. Ba ya magana sai tasbihi. Sau ɗaya na ji ya ce, ba da ni ba, ba da bango ba, "Jaririn nan ko kamanninsa ban gama riƙewa ba." A waje kuwa duniya ta canza. Rijiyar da suka sha wahalar haƙawa ta cike da yashi har baki, kwamin tumatir na ƙasa ya tafi, amma ko'ina ka tona da hannu ruwa ne. Duk ƙauyen ya fito, maza da mata, ana kwashe laka, ana ɗora duwatsu a gyara hanyoyin ruwa, yau a lambun wannan gobe a na wancan, ana waƙa da Tamahak, harshen Buzaye. In na kwantar da Baba sai in je in ɗauki kwando tare da su. Kwaɗi suka fito, ban san daga ina ba, a ƙasar da na rantse ba abin da zai rayu a cikinta.

Da ruwa ya ja, Ilyas ya iso a ƙafa, laka har gwiwa, ya bar motar a can nesa. Labari ya riga ya kai masa ta bakin wani mai raƙumi, don haka ya biya farmasi ya taho da man shafawa na ido. Ya ce Innata tana gaishe mu, ba a gaya mata ba. Na riƙa shafa wa Baba safe da yamma, ina mayar da ɗaurin. Kumburin ya fara sauka.

Wata safiya bayan sallah, muna zaune a waje, Inna Fadimata tana haɗa shayi tana zubar da rabi, Ilyas yana gyara bakin shebur. Baba ya ce a kwance masa ɗaurin. Na jiƙa ƙyalle na goge kwantsar, na warware ɗaurin, na koma gefe na sunkuyar da kai. Na ji ya ja dogon numfashi. Na ga ƙafafunsa sun juya wajen dutsen da ke tsallaken ƙorama, wanda tun zuwanmu baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya. Ya daɗe a haka.

"Ilyas," ya ce. "Wancan dutsen. Kore nake gani a jikinsa. Idona ne, ko kuwa?"

Mu da muke da ido bibbiyu, kwana da kwanaki kanmu yana cikin laka, ba wanda ya ɗaga kai. Muka juya gaba ɗaya. Daga gindin dutsen har kusan ƙirjinsa, tsakanin baƙaƙen duwatsu, wani kore ne siriri ya shimfiɗu kamar hayaƙi, rana tana fitowa a kansa.

Ilyas ya ajiye shebur.

"Ba idonka ba ne, Malam," ya ce. "Ciyawa ce."